Shin Ko Kun San? Jirgin Cikin Garin Legas

Shin ko kun san cewa jirgin ƙasan cikin gari da mutanen Legas suka fara hawa a 2023, tun 1983 aka yi musu alkawarinsa? Gwamna Lateef Jakande ne ya ƙaddamar da aikin tare da kamfanonin Faransa, gwamnatin soja ta zo ta soke shi a 1985. Shekara 40 ke nan tsakanin alkawari da cikawa.

Ko kun san hukuma guda ce ke tsara zirga-zirgar birnin? Sunanta LAMATA, an kafa ta a 2002 da tallafin Bankin Duniya. Da bas ta fara. A watan Maris na 2008 ta buɗe hanyar BRT mai kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS, inda aka keɓe wa bas layinta ita kaɗai, danfo da ƙananan motoci ba su shiga. Duk ɗan Arewan da ya taɓa sauke tumatir ko albasa a kasuwar Mile 12 ya san irin cunkoson da ake nufin ragewa.

Layin dogon farko, Blue Line, da lantarki yake tafiya. Kilomita 13 ne daga Marina zuwa Mile 2, tasha biyar, an fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba, 2023. Sauran zangon zuwa Okokomaiko yana tafe.

Na biyun, Red Line, shi ya fi ba ni sha'awa. Ko kun san ƙarshensa ba a Jihar Legas yake ba? Daga Oyingbo yake tashi, ya bi ta Yaba, Mushin, Oshodi, Ikeja, Agege da Iju, ya tsaya Agbado, a ƙasar Jihar Ogun. Dalili a fili yake. Legas ce jiha mafi ƙarancin fili a Najeriya, kuɗin haya ya kori ɗimbin ma'aikata zuwa garuruwan bakin iyaka, suna kwana a Ogun suna neman abinci a Legas. Wanda zai tsara musu sufuri ya tsaya daidai kan iyakar jiha, ya yi aikin banza. Shi ya sa a 2021 gwamnonin jihohin biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar raya yankin tare. Kuma kilomita 27 ɗin nan ba sabuwar hanya aka sara musu ba, titin dogon gwamnatin tarayya na Legas zuwa Ibadan jirgin ke bi, sai aka gina gadojin sama a mahaɗu irin ta Yaba da Ikeja don kada mota da jirgi su riƙa karo. A Oktoban 2024 ya fara jigila.

Ko kun san kati ɗaya, Cowry, ke biyan kuɗin bas, jirgin ƙasa da jirgin ruwa?

Wani abin kuma: kafin Maris na 2023, harkar dogo a kundin tsarin mulki ta tarayya ce zalla. Gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan ne ya ba jihohi ikon yin nasu.

To, taragwan kamfanin Talgo da aka sayo wa Red Line fa? Jihar Wisconsin ta Amurka aka ƙera wa su. Rigimar siyasa ta hana a yi amfani da su, suka yi shekaru a ajiye, har Legas ta saye su a 2022.