Idan Ƙasa Ta Motsa a Kudenda, Gidanka Zai Tsaya?

Tun ranar 6 ga Fabrairun 2023 da girgizar ƙasa ta hallaka mutum fiye da 50,000 a Turkiyya da Siriya, wayoyinmu ba su huta ba. Watanni bakwai bayan nan sai ga Maroko, inda kusan mutum 3,000 suka rasu a ƙauyukan tsaunukan Atlas. A Maris na 2025 kuma sai Myanmar. A teburin mai shayi, daga Kudenda zuwa Nasarawa da Kakuri a nan Kaduna, zance ya rabu biyu. Wasu na cewa girgizar ƙasa ta yi yawa, duniya ta zo ƙarshe. Wasu kuma na cewa wannan bala'in na ƙasashen waje ne, Najeriya ba ta cikin lissafi. Duka maganganun biyu suna buƙatar gyara.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda ke tattara lissafin duniya, ta ce tun wajen 1900 a kan samu manyan girgiza kusan 16 a shekara: 15 masu maki 7 da 'yan kai a ma'aunin girgiza, ɗaya mai maki 8 ko fiye. Wata shekarar lissafin kan haura, kamar 2010 da aka samu fiye da 20, wata shekarar kuma ba ya kai 10. Abin da ya ƙaru shi ne na'urorin awo, waɗanda yanzu ke kama girgiza kusan 20,000 a shekara, akasarinsu ƙanana da ba wanda ya ji su. Mutane ma sun ƙaru, birane sun cika da benaye, kowa kuma da kyamara a aljihu. A zamanin kakanninmu gari kan rushe a wata nahiya, labarin bai iso Kaduna ba sai bayan makonni, in ma ya iso.

Masu cewa babu ruwanmu kuma, su tambayi mutanen Kwoi. A ranakun 11 da 12 ga Satumban 2016, daidai lokacin Babbar Sallah, ƙasa ta yi ta motsi a Kwoi da ƙauyukan kewaye a ƙaramar hukumar Jaba ta jiharmu. Bangaye sun tsage, mutane sun fice daga gidaje a firgice, alhali ƙarfinta bai wuce wajen maki 3 ba. A Satumban 2018 aka ji irinta a Mpape da Maitama a Abuja, har hukumar birnin ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a wuraren. Mpape ta sake motsi a Satumban 2024. Kafin su akwai Ijebu-Ode a 1984.

Gaskiya ne Najeriya tana nesa da bakin manyan falalen ƙasa da ke gogar juna, inda Japan da Indonesiya da Turkiyya suke zaune. Wannan rahama ce babba. Amma dutsen da muke kansa yana da tsofaffin tsagu, kamar randar da ta taɓa tsagewa aka liƙe: tana riƙe ruwa, sai dai in ta tashi fashewa ta nan za ta bi. Akwai doguwar tsagar da masana ke kira Ifewara zuwa Zungeru, da ta Kalangai a yankin Birnin Gwari. Maƙwabtanmu ma da ke nesa da bakin falalen sun ɗanɗana. Accra ta girgiza a Yunin 1939, an rasa rayuka. A ranar 22 ga Disamban 1983, girgiza mai maki 6 da 'yan kai ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gini, wurin da ba wanda ya sa masa ido. A lura, ƙarin maki ɗaya a ma'auni yana nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32, don haka tsakanin Kwoi da Gini akwai tazara mai nisan gaske.

To, me zai sa mutumin Kudenda ya damu da abin da ba lallai ya gani a rayuwarsa ba? Saboda girgiza ba ita ke kisa kai tsaye ba, ginin da ya faɗo wa mutum shi ke kisa. A 2010 girgiza mai maki 7.0 ta kashe mutum fiye da 100,000 a Haiti. Makonni kaɗan bayan nan, mai maki 8.8 ta auka wa Chile, ƙarfinta ya ninka na Haiti sau ɗaruruwa, amma waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Babban bambancin shi ne Chile tana da dokar gini kuma ana binta.

Mu kuwa gine-ginenmu suna faɗuwa ƙasa na zaune lafiya lau. Bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021, ya kashe mutum fiye da 40. A Yulin 2024 ginin makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu. Ginin da ba ya iya ɗaukar nauyin kansa, ƙaramin motsi irin na Kwoi ya ishe shi.

Duk wanda ya taɓa sa gini ya san inda ake cutar. Mai buga bulo yana ja wa buhun siminti ɗaya har ya fitar da abin da ya wuce ƙima, ka murza gefen bulon da yatsa ya zube gari. Ana rage kaurin rodi, ana tsallake ginshiƙi a kusurwa, ana yin linta a kan ƙofa da taga kaɗai maimakon a zagaye ginin da ita ta ɗaure bangaye wuri guda. Ana zuba dekin, a cire katako kafin ya kama. Mafi muni, gidan da aka yi wa harsashin ƙasa, in kuɗin haya ya yi daɗi sai a ɗora masa bene ba tare da an kira injiniya ba. Ba magini kaɗai ke da laifi ba, sau da yawa maigida ne ke cewa "Malam, a lallaɓa haka nan, kuɗi sun ƙare." Takardar izinin gini ta hukumar tsara birane, KASUPDA, da muke ɗauka a matsayin wahala, asalinta don irin wannan aka yi ta.

Ga wani abu da ya shafi Kudenda musamman. Unguwar tana kusa da Kogin Kaduna, kuma ƙasa mai laushi ta bakin kogi, ko fadamar da aka cike da shara da ɓaraguzai aka yi gini, tana ƙara ƙarfin girgiza fiye da tsandauri mai dutse. Abin da ya rusa sassan birnin Meziko ke nan a 1985, domin an gina shi a kan busasshen tafki, duk da cewa girgizar ta taso ne daga ɗaruruwan kilomitoci. Filin da ambaliya ke ci da damina, shi ne dai wanda zai fi rawa in ƙasa ta motsa. Ga masana'antu da manyan wayoyin lantarki da tankunan mai, ga tankunan ruwa da muke ɗorawa a kan siraran ƙarafa daidai saitin ɗakin yara.

In ka ji ƙasa na rawa kana cikin ɗaki, durƙusa, shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka riƙe ƙafarsa, ko ka raɓa jikin bangon ciki ka kare kai da wuya da hannuwa. Kada a yi rige-rigen matakala. A masallaci ko coci ko makaranta, turereniya a bakin ƙofa na iya yin ɓarnar da ta fi ta girgizar. In kana waje, nisanci katanga da turakun lantarki da tankin ruwa. In ta lafa, a kashe tukunyar gas, kada a ƙyasta ashana in ana jin wari, a fita fili, domin ƙananan girgiza kan biyo baya su ƙarasa bangon da ya riga ya tsage. Lambar gaggawa ita ce 112.

Ba kowane motsi ne girgizar ƙasa ba. Tirela a kan baifas tana kaɗa taga, nakiyar masu fasa dutse ma haka. Masu tantancewa su ne hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, NGSA, da cibiyar da ke Toro a jihar Bauchi, waɗanda ke da na'urorin awo. Saƙon WhatsApp da ke cewa ƙasa za ta girgiza ranar kaza da ƙarfe kaza kuwa, ƙarya ne ko daga wa ya fito, don har yau babu masanin da ke iya faɗin rana da wuri, ko a Japan. Kada ka tura shi gaba.

Tsagar da ke bangonka fa, wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ko wadda ke ƙara faɗi bayan kowace damina, ba ta filasta da fenti ba ce. Ja layi da fensir a ƙarshenta, ka rubuta kwanan wata. In ta wuce layin, kira injiniya ya duba harsashin, in kuma haya kake, nuna wa mai gida tun kafin ka biya kuɗin shekara mai zuwa.