Ramin Nkrumah a Tamale

Yau muna Tamale, a arewacin Ghana.

Tarihin a gurguje: a 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar mulkinsu ta arewa daga Gambaga suka dawo da ita nan, cikin ƙauyukan Dagomba masu ɗakunan laka da jinka. Daga nan siminti da kwano suka shigo gari.

Amma ginin da ya tsaya mini a rai rumbu ne. Ƙwarai kuwa, rumbu, irin na ajiye hatsi, sai dai wannan na kankare ne, ƙato, babu ado ko kaɗan. Gwamnatin Kwame Nkrumah ce ta soma gina shi, cikin jerin rumbunan da aka yi niyyar su tsare wa sabuwar ƙasa amfanin gonarta. Ranar 24 ga Fabrairun 1966 sojoji suka kifar da Nkrumah, aikin ya tsaya cik. Sama da shekara 50 ginin yana nan, ba hatsi, ba mai gadi, sai jemagu. Mutanen gari suka laƙaba masa suna da Dagbanci, Nkrumah Voli-ni, wato cikin ramin Nkrumah. Ramin Nkrumah! Ku ji yadda abin da aka gina don ƙoshin jama'a ya koma wurin da ake tsoron leƙawa.

Sai ga wani ɗan garin, mai fasaha Ibrahim Mahama, haifaffen 1987 (ba attajirin nan ɗan'uwan ɗan siyasar Ghana John Mahama ba, suna ne ya zo ɗaya). Da kuɗin ayyukansa na tsofaffin buhunan koko ya sayi rumbun, aka kwashe ƙasar da ta cika shi, aka buɗe wa jama'a a 2021. Jemagun kuwa bai kore su ba, tun da sun riga kowa tarewa. Wannan ya burge ni matuƙa.

Lokaci na hararar mu. Akwai sauran gine-ginen garin da ba mu taɓo ba: asibitin koyarwa na 1974, da filin wasan da wani kamfanin ƙasar Sin ya gina don gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta 2008. Sai wani jiƙon.

'Yan'uwa na Zangon Tamale, ku kai yara su ga rumbun nan da idonsu. A huta lafiya.