Ƙarancin Haihuwa da Jinkirin Hutun Tsofaffi a Ƙasar Japan

A shekarar 1949, alhali biranen Japan ba su gama kwashe tokar da yaƙin duniya na biyu ya bar musu ba, abinci kuma ana rabonsa da awo, an haifi jarirai kusan miliyan 2.7 a ƙasar. A shekarar 2024 kuwa, bayan da ta zama ɗaya daga cikin mafiya wadata a bayan ƙasa, mutanenta kuma suka shiga sahun mafiya tsawon rai, jariran da 'yan ƙasar suka haifa ba su kai 700,000 ba. Waɗancan jarirai na 1949 su ne a yau suka haye shekara 75, kuma a wuyan wannan 'yar tsirarun zuriya da ke tasowa ne nauyin ciyar da su da jinyarsu zai ƙare.

Wajibi ne mai karatu ya fara fahimtar yadda fansho yake tafiya, domin da yawa daga cikin mutane suna zaton wata taska ce da ma'aikaci ke tara wa kansa har ranar da ya ajiye aiki ya je ya buɗe abinsa. A Japan, kamar yadda yake a galibin ƙasashe masu arzikin masana'antu, abin da ake cirewa daga albashin masu aiki a wannan wata shi ne ake miƙa wa tsofaffi a wannan watan, tare da tallafi daga baitulmali da kuma wani asusun ajiya da ake juyawa. Sa'ad da aka game dukkan jama'a a cikin wannan tsari a 1961, akwai mutum wajen goma sha ɗaya masu shekarun aiki a kan kowane dattijo guda da ya kai 65. Yau kuwa mutum biyu ne suka rage a ƙarƙashin wannan kaya. Adadin masu shekara 15 zuwa 64 ya kai ƙololuwarsa a 1995 da wajen miliyan 87, daga nan ya juya ƙasa, har ya koma wajen miliyan 74, alhali waɗanda suka kai 65 sun zama kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a.

Sababin wannan bai ɓuya ba ga wanda ya yi nazari. Tun tsakiyar shekarun 1970 matsakaicin haihuwar mace ya faɗi ƙasa da 'ya'ya biyu, wato ƙasa da abin da ke maye gurbin uwa da uba. Hukuma ba ta farga sosai ba sai da lissafin 1989 ya fito da 1.57, adadin da ya gaza har na 1966, shekarar da mutane suka guje wa haihuwa saboda wani camfi nasu game da 'yan matan da aka haifa a cikinta. A 2024 kuwa ya sauka zuwa 1.15. Da yake haihuwa ba tare da aure ba abu ne nadiri a Japan, bai wuce kashi biyu da ɗan ɗori cikin 100 ba, raguwar haihuwa a haƙiƙa raguwar aure ce, kuma ƙidayar 2020 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazan da suka kai shekara 50 ba su taɓa yin aure ba. Mafi ban tausayi a wannan babi su ne 'ya'yan da aka haifa tsakanin 1971 da 1974, wajen miliyan biyu kowace shekara, waɗanda aka sa rai su ne za su sake cika gidaje da yara, amma suka gama karatu daidai lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, kamfanoni suka rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata na dindindin, da yawansu suka ƙare a ayyukan wucin gadi da albashin da ba ya riƙe iyali, shekarun aurensu kuma suka shige suna jiran sauƙi.

Da hukuma ta ga hannayen da ke aiki suna raguwa, bakunan da ke jiran fansho suna ƙaruwa, sai ta bi hanyar da ta fi kusa, wato ta jinkirta lokacin hutu. Ta yi haka ne da tadriji da dogon numfashi, kuma a nan ta cancanci yabo. Gyaran dokar 1994 da na 2000 sun ɗaga shekarun fara karɓar fanshon ma'aikata daga 60 zuwa 65, mataki mataki, aka kammala na maza a 2025, na mata kuma zai kammala a 2030. Saboda kada mutum ya bar aiki yana da 60 ya zauna shekara biyar babu albashi babu fansho, sai aka wajabta wa kamfanoni, tun daga 2013, su ci gaba da riƙe duk wanda ya so aiki har ya kai 65. A 2021 aka ƙara da cewa su yi ƙoƙarin samar masa da abin yi har 70, ko da yake wannan kwaɗaitarwa ce ba ta kai wajibi ba. A 2022 kuma aka halatta wa mutum ya jinkirta karɓar fanshonsa har 75, ana ƙara masa kashi 0.7 cikin 100 a kan kowane wata da ya haƙura. Faransa, wadda gwamnatin Shugaba Macron ta tura dokar ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023 ba tare da ƙuri'ar ƙarshe ta majalisar wakilai ba, ta sha zanga-zanga da yajin aiki na watanni. Japan ta yi tafiyar da ta fi wannan nisa ba tare da an cika titi ba.

Sakamakon kuwa a bayyane yake. Mutum fiye da miliyan tara da suka kai 65 suna bakin aiki a yau, kuma a cikin masu shekara 65 zuwa 69, fiye da rabi ne ke fita neman na kansu: suna tuƙin tasi, suna gadin wuraren gini, suna shara, suna tsaye a kantuna, suna noman shinkafa a ƙauyukan da matasa suka ƙaurace wa, inda matsakaicin shekarun manomi ya doshi 70. Ban ga aibi ba a cikin dattijo mai lafiya ya ci gaba da sana'arsa, hasali ma akwai fa'ida a cikinsa ga jikinsa da hankalinsa da mutuncinsa, kuma shubuhar da ake kawowa cewa tsoho yana tare wa yaro gurbi ba ta da ƙarfi a ƙasar da guraben aiki suka fi masu nema yawa.

Inda nake da magana shi ne sharaɗin da aka riƙe su a kai. Mafi yawan kamfanoni ba su ɗaga shekarun ritaya ba. Abin da suke yi shi ne su sallami mutum ranar da ya cika 60, sa'an nan su sake ɗaukarsa da sabuwar yarjejeniya ta shekara shekara, an cire masa muƙami, an zaftare masa albashi, alhali sau da yawa teburin nan ne, motar nan ce, aikin nan ne na jiya. Hukuma da kanta ta san da haka, domin ta tanadi wani ɗan tallafi ga wanda albashinsa ya faɗi ƙasa da kashi 75 cikin 100 na abin da yake karɓa kafin 60, kuma da ta zo ɗaga shekarun ritayar ma'aikatanta a 2023, sai ta tsayar da albashin waɗanda suka haye 60 a kan kashi 70 cikin 100 na tsohon albashinsu. A 2018 wasu direbobin manyan motoci da aka sake ɗauka a kan irin wannan sharaɗi suka kai ƙara har kotun ƙoli, kotun ta ba su gaskiya a kan wani ɗan alawus, amma ta hukunta cewa ragin albashin bai saɓa wa hankali ba, tun da sun riga sun yi ritaya kuma fansho na tafe. Fuƙaha'unmu, a babin ijara, sun rataya ujura ne a kan amfanin da ɗan ƙodago ya bayar, kuma a bisa wannan ma'auni ban ga hujjar da za ta sa kayan da direba ya kai yana da 59 su fi waɗanda ya kai yana da 61 lada ba. Idan al'umma ta wayi gari tana da larurar ƙarfin dattijanta, adalci shi ne ta biya cikakken haƙƙin wannan ƙarfi.

Sa'an nan akwai mas'alar jiki, wadda doka ba ta iya ɗage wa ajali. Namiji a Japan yana rayuwa wajen shekara 81, mace wajen 87, amma shekarun da ake ƙiyasta mutum zai yi cikin ƙoshin lafiya ba su wuce 72 da ɗori ga namiji, 75 ga mace ba, wannan ma matsakaici ne da ya haɗa malamin jami'a da mai ɗaukar ƙarfe a wurin gini. Kusan kashi uku cikin goma na waɗanda ke jin rauni a wurin aiki yanzu masu shekara 60 ne zuwa sama. Garaɓasar jinkirta fansho har 75 tana amfanar wanda yake da lafiya da ajiya da aikin zaune. Wanda gwiwarsa ta ƙare tun yana da 60 kuwa, sai dai ya karɓa da wuri a rage masa har ƙarshen ransa.

Duk da haka giɓin bai cike ba. Kimanin mutum 100,000 ne ke barin aiki kowace shekara domin jinyar iyaye ko dangi, akasarinsu mata, wato waɗanda hukuma ke roƙo su shigo kasuwar aiki kuma take roƙo su haihu a lokaci guda. Ƙasar da ta daɗe tana ɗari-ɗari da baƙi ta buɗe sabuwar takardar izinin ma'aikata masu sana'a a 2019, kuma baƙin da ke aiki a cikinta, daga Biyetnam da Sin da Filifin da Nepal da Indonesiya, sun haura miliyan biyu a 2023. A wannan shekara ta 2023 ce Firaministan lokacin, Kishida Fumio, ya faɗa wa majalisa cewa ƙasar ta kai gaɓar da ake shakkar ko za ta iya ci gaba da tafiyar da al'amuran zamanta, aka kuma kafa hukuma ta musamman domin yara da iyali. Amma ko da haihuwa ta ƙaru gobe, jaririn ba zai shiga aiki ba sai bayan shekara ashirin, kuma kafin nan, tsakanin 2036 da 2039, waɗancan 'ya'yan 1971 zuwa 1974 za su cika 65, da yawansu da ɗan fansho kaɗan saboda shekarun da suka yi a aikin wucin gadi, wasunsu babu mata babu ɗa, kuma su ne za a fara cewa su ƙara haƙuri su yi aiki har 70.