Kiɗan rok na Adar: daga ma'ajiyar rediyon Yamai zuwa faifan garmaho

A garuruwa irin su Waca, Magarya da Dungas, mai son waƙa yau sai ya miƙa katin memori ga mai turi a kasuwa, a cika masa shi da kuɗi kaɗan. Faifan garmaho kuwa yara da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Amma a Turai da Amurka wannan baƙin faifai ya dawo kasuwa da ƙarfinsa, kuma cikin abin da ake bugawa a kansa har da tsofaffin kiɗe-kiɗen Nijar da ƴan ƙasar kansu suka fara mantawa. Ɗaya daga ciki shi ne kiɗan ƙungiyar Azna de l'Ader ta Tawa.

Mene ne rok mai nauyi?

Rok kiɗa ne na jitar lantarki da ganguna. A ƙarshen shekarun 1960 wasu makaɗa suka fara ƙure ƙarar amsa-kuwwa da gangan, har sautin jita ya riƙa fita da kaushi da gurnani. Ba'amurke Jimi Hendrix, wanda ya rasu a 1970, shi ne ya fi shahara da wannan salo. A shekarar ce kuma ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Bamingam a Ingila ta fitar da faifanta na farko, wanda ake ɗauka a matsayin tushen rok mai nauyi.

Bayan waɗannan mashahurai akwai ɗimbin ƙananan ƙungiyoyi da ba su samu babban kamfani ba. Suna kiɗa a unguwa, su buga faifai kaɗan ko su tsaya ga kaset, sannan su watse. Wannan shi ne kiɗan bayan fage, kuma shi ne masu tara faifai ke farauta a yau, domin abin da ya yi wuyar samu shi ke da tsada.

Afirka ba ta zama ƴar kallo ba. Bayan yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, ƙungiyoyi irin su The Funkees, BLO da Ofege sun cika Legas da garuruwan gabashin ƙasar da ƙarar jita. A Zambiya ma an yi ƙungiyar WITCH. Kamfanin Soundway na Ingila ya tattara wasu daga cikin kiɗe-kiɗen Najeriya ya sake fitar da su a 2008, kamfanin Now-Again na Amurka ya bi sahu a 2016 da kundin Wake Up You!

Mona da mutanensa

Tun shekarun 1970 aka kafa Azna de l'Ader a Tawa, ƙarƙashin jagorancin makaɗin jita Mona, wanda ake yi wa laƙabi da Hendrix na Sahara. Sunan ƙungiyar kansa na gida ne: Azna su ne Hausawan da suka riƙe al'adun kaka da kakanni, Adar kuma ƙasar Tawa ce. Kiɗansu ya haɗa gurnanin jitar Turawa da kaɗe-kaɗen yankin, suka shafe shekaru da dama suna wasa ba tare da wani kamfani ya fitar musu da kundi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Legas tana da manyan kamfanonin faifai irin su EMI da Decca, shi ya sa makaɗan Najeriya suka bar faifai a bayansu. Nijar ba ta samu irin wannan ba. Makaɗin da ke son a ɗauki kiɗansa sai ya nufi gidan rediyon ƙasa a Yamai, a naɗe shi a zaren ɗaukar sauti, a sa a iska, sannan a ajiye. Daga wannan ma'ajiya ce kamfanin Sahel Sounds ya samo ɗaukar da ya haɗa ya fitar a faifai da sunan Zabaya, kundin farko da ƙungiyar ta taɓa samu a hukumance.

Ba su kaɗai ba ne. Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na molon lantarki mai madannai a 1978, ya fito a kaset kaɗan. Ƴan Nijar da yawa sun san sautin daga rediyo da talabijin ba tare da sun san mai shi ba, sai a 2013 aka sake buga shi a faifai. Mdou Moctar kuwa a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Ɗaya daga cikinsu ta shiga faifan Music from Saharan Cellphones na 2011, kuma daga nan hanya ta buɗe masa, har kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024.

Yadda ake mayar da tsohon kaset faifai

Aikin yana farawa da neman ɗauka mafi tsafta, ko zaren asali na rediyo ko kaset da bai sha juyi da yawa ba. Sai a kwashe sautin zuwa kwamfuta, a rage shuwa da ƙarar da tsufa ya jawo. Daga nan wata na'ura mai allura ta sassaƙa sautin a kan faranti mai laushi, a yi masa kwafin ƙarfe, da shi ne ake danna narkakkiyar roba ta fito faifai. Babban faifai yana da faɗin santimita 30, yana juyawa sau 33 da ɗigo a minti ɗaya, kowace fuska tana ɗaukar kusan minti 20. Ƙananan kamfanoni kan buga ƴan ɗaruruwa ko dubu ɗaya a karo guda.

Masu saye suna nan. A Amurka, a 2022, yawan faifan garmaho da aka sayar ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Sabon faifai kan kai euro 20 zuwa 30, wato tsakanin jika 13 da jika 20 na sefa.

Wa ke cin riba?

A nan ne ake samun saɓanin ra'ayi. Wanda ya kafa Sahel Sounds a 2009, Christopher Kirkley na birnin Fotlan a Amurka, ya ce yana raba riba biyu da makaɗa. Masu goyon baya na cewa da ba don irin wannan aiki ba, da zaren ya ruɓe a cikin kabad, sunan mai kiɗan ya bi shi. Masu suka kuma na nuna cewa faifan jika 15 ba na mutumin Waca ba ne, wanda ko na'urar juya shi ba ya da ita, don haka kiɗan gida ya koma kayan adon ɗakin baƙo. Kowanne yana da tasa gaskiyar. Abin da ke rage gibin shi ne yawancin waɗannan kundaye ana iya sauraronsu a intanet, ga mai waya da kuɗin shiga.

Wani batun shi ne haƙƙin mallaka. Ɗauka ɗaya tana iya haɗa mai waƙa, makaɗan da suka raka shi, gidan rediyon da ya naɗa, da magada idan mai ita ya rasu. A Nijar ofishin kare haƙƙin mawallafa da mawaƙa, BNDA, shi ne ke da alhakin rajistar ayyuka da karɓar wa masu su kuɗi. Makaɗin da bai yi rajista ba, bai kuma riƙe takarda ba, yana da wuya ya kare kansa ranar da kiɗansa ya yi daraja.

Abin da ke cikin adaka

Duk wannan ya shafi yankin Damagaram kai tsaye. Shekara da shekaru kaset na shigowa daga Kano ta kasuwannin kan iyaka, ana kuma naɗar makaɗan gida a wajen biki, kokawa da naɗin sarauta. Wani kaset ɗin shi kaɗai ne ya rage a duniya. Zafi yana lalata zarensa, ƙura tana cinye sautinsa, gara kuma ta ci takardar da ke ɗauke da sunan mai kiɗan.

Mai irin wannan ajiya ya kamata ya nisanta ta da rana da damshi, ya rubuta sunan makaɗin da gari da shekara tun dattawan da suka sani suna raye, ya kuma sa a juye masa sautin a waya ko kwamfuta. Idan wani ya zo nema, a ba shi kwafi a riƙe na asali, kuma kada a yi ciniki da baki. A rubuta yarjejeniya, a faɗi kason kowa da tsawon lokacinta, a sa makaɗin ko magadansa a ciki. Kiɗan Mona ya kai ga faifai ne saboda wani ma'aikacin rediyo ya ajiye zare bai zubar ba.