FASHIN BAƘI: Yadda ake farfaɗo da tsohuwar tarakta bayan shekaru a jibge

A harabar ma'aikatun gona da sakatariyoyin ƙananan hukumomi da dama a Arewacin Najeriya, ba a rasa tsofaffin taraktocin da ciyawa ta lulluɓe. Wasu sun shigo ƙasar tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976 da shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shagari a 1980, wasu kuma an haɗa su ne a kamfanin Steyr da ke Bauchi. Yanzu da faɗuwar darajar naira ta sa sabuwar tarakta ta fi ƙarfin yawancin manoma, batun gyara tsofaffin ya zama abin dubawa.

Abin da ke sa gyaran ya yiwu shi ne sauƙin ƙirarsu. Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, yawancinta injin Perkins mai silinda uku ne a cikinta, babu kwamfuta, babu tarin wayoyi. Bakaniken da ya san injin dizal zai iya kwance shi a gindin bishiya, kuma har yau ana ƙera kayan gyaransa.

Kada a fara da makulli

Babban kuskure shi ne a ɗaura batir a murɗa makulli nan take. Idan an bar salansa a buɗe, ruwan damina kan gangara cikin silinda, tsatsa ta kama fistin. Tilasta wa irin wannan inji juyawa kan karya ringi ko ya lanƙwasa sandar fistin, ƙaramin gyara ya koma babba.

Saboda haka ana fara gwada juya injin da hannu. Idan ya cije, sai a cire nozul, a zuba dizal ko mai narkar da tsatsa a kowace silinda, a bar shi ya jiƙa na kwanaki, ana ɗan motsa shi gaba da baya har ya saki.

Daga nan sai baƙin mai. Idan ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shige shi, kuma wajibi ne a gano ta inda ya bi kafin a zuba sabo. Dizal ɗin da ya daɗe a tanki kan tara ruwa da dauɗa, don haka a zubar da shi, a wanke tankin, a sauya filta, sannan a fitar da iskar da ke cikin bututun mai, domin injin dizal ba ya tashi muddin akwai iska a hanyar mansa. A duba lagireto da fambel, da wayoyin da ɓeraye suka ci, da gidajen zanzaro a hanyar shigar iska.

Ranar tayarwa

Nan ne haɗarin ya fi yawa. Farantin kuloci kan manne bayan dogon zama, birki ma haka, kuma taraktar da aka tayar tana cikin giya tana iya take wanda ke tsaye kusa da taya. Dole mai tayarwa ya kasance a kan kujera, giya a firi, an tokare tayoyi. Idan famfon mai ya maƙale, injin na iya zabura ya ƙi mutuwa, shi ya sa ake ajiye katako a kusa don toshe masa iska. Idan ma'aunin baƙin mai bai ɗaga ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a kashe injin nan da nan.

Lissafi kafin aiki

Tashin inji rabin aiki ne. Taraktar da ba ta iya ɗaga garma ba ta da amfani a gona, saboda haka sai an gwada na'urar ɗaga kaya ta baya, an sauya manta. Manyan tayoyin baya, waɗanda rana ke tsattsagawa, suna cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi. Idan gangar injin ko gidan giya ya tsage, sau da yawa ya fi riba a sayar da ita a matsayin kayan gyara.

Akwai kuma batun mallaka. Taraktar gwamnati ba ta zama ta mai saye sai ta hanyar gwanjon hukuma, da takardun shaida a hannu. Lokacin da ya dace da gyaran shi ne rani, domin a gwada ta sosai kafin saukar ruwan farko.