BAHAUSHE NE, KUMA KIRISTA NE: Labarin Masihiyawan Kudancin Katsina

Mutane da yawa a ƙasar nan, har da masu ilmi, sun ɗauka cewa duk Bahaushe Musulmi ne, duk Kirista kuwa baƙo ne da ya zo Arewa neman abinci. Amma wanda ya ratsa ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har ya gangara Malumfashi, zai tarar da majami'u inda ake wa'azi da waƙa da addu'a cikin Hausa tsantsa. Masu sujada a ciki ba daga ko'ina suka zo ba. Nan aka binne cibiyarsu, nan kuma kakanninsu suka yi noma.

Asalinsu

Akasarin waɗannan mutane zuriyar Maguzawa ne, watau Hausawan da suka ci gaba da riƙe addinin gargajiya bayan Musulunci ya kafu a birane. Bamaguje manomi ne na gaske, yana zaune a babban gida cikin gonakinsa tare da 'ya'ya da jikoki. Rayuwarsa kuwa a ɗaure take da iskoki irin su Kure da Inna. In ciwo ya shiga gida, ko damina ta yi gardama, sai a nemi boka, a yanka kaza ko akuya don a roƙi sauƙi. Wani masani, Murray Last, ya zauna cikin Maguzawan yankin Malumfashi wajen shekarar 1970, ya yi rubuce-rubuce a kan magungunansu da dalilan da suke sa su sauya addini.

Zamani kuwa bai bar su yadda suke ba. Hanyar mota ta iso, kasuwar auduga ta buɗe, makaranta ta zo. Yaron da ya shiga aji sai a tambaye shi addininsa, amsa biyu kaɗai ake sa ran ji. Kalmar "arne" ta zama abin gori. A shekarun 1960 Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi rangadin kira zuwa Musulunci, Maguzawa masu yawa suka musulunta a lokacin da kuma bayansa. Waɗansu kuwa suka zaɓi bin Yesu Almasihu.

Yadda bishara ta iso

Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulunci. Likita Walter Miller na ƙungiyar C.M.S. ya yi shekaru a birnin Zariya kafin a mai da mishan ɗin Wusasa a 1929, shi ne kuma jigo a fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga cikakke da Hausa a 1932. A shekarun 1930 ne ƙungiyar S.I.M., wadda aka kafa a 1893, ta sami ƙofa ta hanyar jinyar kutare, kamar a Babbar Ruga kusa da Katsina. Daga aikinta ne ikilisiyar E.C.W.A. ta fito a 1954. 'Yan Katolika su ma suka kafa makarantar horar da masu koyar da addini a Malumfashi, masu bishara 'yan ƙasa suka riƙa shiga gidajen Maguzawa da ƙafa da keke.

Abin da ya fi jan hankalin waɗanda suka tuba, kamar yadda Masihiyawa da kansu sukan bayyana, shi ne rabuwa da tsoro. Mutumin da ya tashi cikin fargabar sammu da maita da fushin iska, ya kuma sha sayar da hatsinsa don biyan boka, sai aka koya masa cewa Allah ɗaya ne, mai ƙauna, kuma an gama biyan hadaya tun tuni. Wannan kwanciyar rai ita suke kira salama. Har ila yau, karatu da asibiti sun zo tare da sabon addinin, 'ya'yan manoma suka zama malamai da ma'aikatan jinya.

Tsakanin gida biyu

Amma fa salamar ba ta zo a sauƙaƙe ba. Masihiyi yakan sami kansa tsaka mai wuya. Ɗan'uwansa Musulmi yana iya ganin ya bar Hausanci, Kiristan Kudu kuwa in ya ji sunansa Musa ko Tanko, ya ga babbar riga da hula, sai ya yi masa kallon shakka. Waɗansu samari, don gudun wannan, sukan ɓoye asalinsu in sun je jami'a ko wurin aiki, su ari suna da harshen da ba nasu ba. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Maganin da dattawansu suka samo shi ne su riƙe biyun gaba ɗaya. Sunan Allah da suke kira a majami'a shi ne wanda kowane Bahaushe ya sani. 'Yan Zumuntar Mata suna rera waƙoƙin yabo da kiɗan gida. Kunya da kara da girmama na gaba suna nan yadda aka gada. Sun kuma kafa Tarayyar Masihiyawa, wadda ta haɗa Kiristoci Hausawa da Fulani da Barebari. A watan Oktoba na 2023 Paparoma Francis ya ƙirƙiro lardin Katolika na Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, ya zama bishop na farko. Ga yaron ƙauye da ake ce wa baƙo a garin ubansa, wannan ba ƙaramar amsa ba ce.

Jarrabawar 'yan bindiga

Ta'asar 'yan bindiga ta gwada bangaskiyar kowa a wannan yanki. A daren 11 ga Disamba, 2020, aka sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun sha hare-hare, manoma da dama suka bar gonakinsu. Ɓarayin daji ba su tambayi addinin kowa ba kafin su kore shanunsa, makoki ya shiga gidan Musulmi da na Kirista, maƙwabta suka yi ta zuwa yi wa juna gaisuwa.

Duk da haka Masihiyawa sukan koka game da wahalar samun filin gina majami'a, da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati. Tsarin mulkin Nijeriya ya ba kowa 'yancin addini, saboda haka ya kamata ma'aikacin da takardar ɗan Ƙanƙara ta zo teburinsa ya duba cancanta, ba suna ba. Ɗalibai kuma su san tarihin maƙwabtansu kafin su yanke musu hukunci. Waɗannan mutane sun riga sun san ko su wane ne. Abin da ya rage shi ne sauran jama'a su sani.