Samuel Fosso, Mai Ɗaukar Hoton da Ya Ba da Aron Fuskarsa

Duk Bahaushen da fatauci ya kai shi Bangi ta Afirka ta Tsakiya, ya sauka a unguwar Kilomita Biyar, ya bi titin Koudoukou inda 'yan'uwanmu suka daɗe da kafa rumfuna, to, ya taka birnin da Samuel Fosso ya girma kuma ya ƙware a sana'ar hoto. An haife shi a Kumba ta Kamaru a 1962, ɗan ƙabilar Ibo, yaƙin Biyafara ya rutsa da shi a Nijeriya yana ƙarami, daga bisani kawunsa ya tafi da shi Bangi, inda ya buɗe shagonsa a 1975, yana ɗan shekara goma sha uku.

Asalin ɗaukar kansa hoto da ya riƙa yi tattali ne: idan dare ya yi, masu zuwa ɗaukar hoto suka watse, ya tarar da saura a fim ɗin, sai ya yi ado irin na mawaƙa kamar Prince Nico Mbarga, ya ɗauki kansa, domin kada fim ya tafi a banza, kuma domin kakarsa da ke Nijeriya ta tabbata yana nan lafiya. Duniya ba ta san da waɗannan hotuna ba sai a baje kolin Bamako na 1994.

Amma a ganina hikimarsa ba ta cika ba sai a 2008, sa'ad da ya shiga siffar Kwame Nkrumah da Patrice Lumumba da Malcolm X da Angela Davis, ya bi tufafinsu da zamansu da kallonsu dalla-dalla, har fuskarsa ta zama kamar allon almajiri, a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Mai cewa wannan riya ce bai yi masa adalci ba, gama mai riya kansa yake nunawa, shi kuwa wannan ɓoye kansa ya yi domin manaƙibin magabata su bayyana ga na baya.

Da fitina ta auka wa Bangi a 2014, aka washe gidansa alhali yana Faransa, wasu 'yan jarida ne suka tsince dubban fim ɗin hotunansa daga cikin ƙura, galibinsu hotunan talakawan garin da suka taɓa zama gaban kyamararsa, suka kai masa.